Layar da Na Ɗinke Cikin Ranar Tuta

Ranar nan da ke tsakiyar tuta, ni ke ɗinka ta, ba maigida ba. Da wannan zan fara, don shi ne abin da na yi kwana ukku ina faɗi a bakin ƙofa babu mai saurare na.

Maigida tela ne. Daga ƙasar Gobir muka zo Yamai, shi da kekenshi na ɗinki, ni da tukwanena, muka samu ɗaki wajen da yanzu ake ce ma Katako. Lokacin babu wannan cunkoso, rumfunan zana ne da masu saida icce. Da aka samu mulkin kai sai kowane biro, ofishin gwamnati, da kowace lakwal, makarantar boko, suka tashi neman dirapo, haka suke ce ma tuta, aiki ya buɗe mashi. Ƙyalle ukku ne a jere, wannan keke na gama shi nan da nan. Amma zagayen nan na tsakiya keke ba ya son shi, sai ya tattare kamar bakin tsohuwa. Shi aka bar mini. In kifa tasa bisa yadi, in bi bakinta da gawayi, in yanka guda biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, in zauna da allura.

Wani planto ke kawo mamu aikin, ɗan aiken wani biro, mutum mai son a san ya sani. Shi ya fara gaya mini abin da launukan ke nufi. Ya ce na sama, ruwan goro, hamada ce ta arewa. Farin tsakiya tsarkin zuciya ne. Tsanwa na ƙasa kudu ne, wajen gulbi da gonaki. Zagayen kuma rana ce.

Na ce, "Rana kuma? Mu za a tuna ma rana?"

Ya ce, "Matar tela, ba don ke aka yi ba, don ƙasashen duniya ne su san mu."

Na ce, "To, mi ke cikinta?"

Bai gane tambayata ba, ni kuma ban sake ba. Kakata ce ta yi renona, kuma ubanta shi ke riƙon tuta in za a fita yaƙi. Ta ce tasu fara ce da ta sha ƙasa har ta koma launin bango, babu mai tambayar launinta. Abin da ake tambaya shi ne wane malami ya yi mata rubutu, don ana ɗinke laya a jikinta kafin ta fita gari. Ta ce in babu wannan, to zane ne kawai aka ɗaura ma sanda. Da wannan na girma. Duk tutar da na ɗinka ina jin kamar na sallami yaro kasuwa ba wando. Amma ƙanana ne, na bar su.

Shekaru kaɗan bayan nan aka kawo mamu aikin babbar tuta. Za a buɗe sabuwar lakwal, wani babban mutum zai zo, ita za a ɗaga bisa kanshi. Girmanta ya kai tabarma biyu, tasa ma ba ta isa ba sai da na kifa faifai. Ina goyon ɗiyata lokacin, watanta biyar. Biyu na binne kafin ita, babu wanda ya kai yaye, don haka ita tun ran suna na sa malamin unguwa ya yi mata laya, aka rufe da jar fata, na rataya mata a wuya. Da na shimfiɗa tutar nan na ga girmanta, na tuna yaran mutane za su tsaya ƙarƙashinta kullum da safe, sai na ɗauki kwanon gero na koma wajen malamin. Na ce ina son rubutun tsari na tuta. Ya yi dariya, ya shiga, ya fito da takarda a naɗe da zare. Na danne ta ta kwanta, na sa ta tsakanin rana ta gaba da ta baya, na ɗinke.

Ban gaya ma maigida ba. Na san zai ce a'a, shi ya sa.

Ya kamata in faɗi irin lokacin da ake ciki. Lokacin tsoro ne. Ana cewa akwai waɗanda suka ƙetare iyaka suna shirin dawowa da bindiga, ana kama mutane, kuma mu da muka fito daga gabas ana duban mu da ido biyu. Mutum sai ya fita sallar asuba, da hantsi a ce ba shi. Duk wurin da babba zai je sai gardi, dogaran gwamnati, sun riga shi sun bincike har ƙarƙashin kujera. Na san wannan duka. Ban haɗa shi da allurata ba, wautata ke nan.

Ran Litinin da hantsi gardi ukku suka zo rumfa. Ina cikin gida ina daka, maƙwabciyata ta shigo ta karɓe taɓaryar daga hannuna ta ce, "Fita." Na iske keke da rigar wani a ƙarƙashin allura, takalmin maigida guda ɗaya a ƙasa. Masu icce duk sun duƙufa bisa aikinsu, babu mai ɗaga kai. Wata mai saida ƙosai ce ta gaya mini: wani gardi na ninke tutar ya ji abu mai tauri, ya farke ranar da wuƙa, takarda ta faɗo. Wasu sun ce saƙo ne zuwa ga mutanen ƙetare. Wasu sun ce sammu ne aka yi ma babban.

Ba zan faɗi sunan gidan da aka kai maigida ba. Gida ne mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da tuta bisa sanda a tsakar fili. Mata na zaune a gindin katanga, kowa da ƙwaryarta. Na je wajen mai tsaron ƙofa na ce ni na sa takardar, mijina bai sani ba. Ya ce kowace mace a nan haka take cewa. Na ce ni tawa gaskiya ce. Ya ce su ma haka suke cewa. Furar da na kai ta dawo mini yadda na kai ta.

Talata na tare planto a hanya. Tun daga nesa da ya gan ni ya ƙetare titi. Na bi shi, ina goye, ina kiran shi. Ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "Ina da iyali, matar tela. Ban san ku ba, ban taɓa kawo maku aiki ba." Daga nan ya rage murya ya ce, "Alhamis kamiyo, babbar motar nan, zai tashi arewa. Sunan mijinki na cikin takarda." Ya wuce.

Kowa ya san arewar da ake nufi. Akwai kaso, gidan yari, can cikin rairayi, inda ba a kai ma mutum fura, ba a kawo labarinshi. Na koma gindin katanga na zauna. Iska na kaɗa tutar gidan, ina kallon ruwan goron nan na sama. Planto ya ce hamada ce. Ranar na yarda da shi. Kallonta nake ina cewa can za a kai shi, kuma ni na saya mashi wurin zama da kwanon gero. Nonona ya ɗauke ranar, yarinya na ja tana kuka, wata cikin matan ta karɓe ta ta ba ta nata. Har yau ban san ko ɗiyar wa ce matar nan ba.

Laraba da sassafe na je gidan malamin. Na yi sallama har sau ukku. Matarshi ta ce ba ya nan, alhali ga takalminshi a bakin zaure, ga jakarshi a ɗaure, ana shirin tafiya ƙauye. Na zauna a ƙofa na ce ba ni tashi sai dai a tsallake ni. Can ya yi magana daga bayan asabari, bai bari na ga fuskarshi ba.

Na ce, "Malam, ka zo ka karanta masu abin da ka rubuta. Gobe za su tafi da shi."

Ya ce, "In na shiga gidan nan ba ni fitowa. Ke kin san haka."

"To, ka gaya mini ni, mi ke ciki?"

Ya ce, "Ni ina na san rubutun tuta? Wannan ilimi ya tafi da kakanninmu. Abin da nake ba kowace mai jego shi na ba ki. Irin na wuyan ɗiyarki ne, ba bambanci ko ɗigo. Tashi ki tafi, baiwar Allah, kada a gan ki a ƙofata."

Na tashi. Ban zage shi ba, ba ni da lokaci.

A hanya hannuna na bisa layar yarinyar. Mu mun san laya in aka buɗe ta, ido ya gan ta, ta mutu. Ba a mayar da ita. Na farko ya rasu yana da wata bakwai, ta biyu tana cikin rarrafe, kuma dukansu ban yi masu da wuri ba, abin da surukata ba ta daina faɗi ba ke nan. Wannan ita ce na yi ma tun ran suna, ita ce kuma ke ta ƙiba. Ga zafi na shigowa, lokacin ƙyanda. Na tsaya gindin wani iccen bedi na kwance goyo na dube ta, tana wasa da igiyar layar tana kai ta baki. Na ce a raina, ke ko ubanki. Na sake goya ta, na tsaya wajen mai tebur na karɓi reza.

Da azahar an canja mai tsaron ƙofa. Wani tsohon gardi ne, Bazabarme, da furfura a gemu, irin waɗanda suka yi ma anasara soja. Mu Gobirawa da Zabarmawa taubasai ne, abokan wasa, duk abin da na gaya mashi dole ya haɗiye, shi ma haka. Ban taɓa murnar ganin Bazabarme ba irin ranar. Da ya ga tsagen fuskata sai ya fara.

Ya ce, "Wace kyanwa ta yakushe ki haka, baiwata?"

Na ce, "Wadda ta cinye naman gidanku ta bar ku da ganyen kopto. Buɗe mini ƙofa, bawa, uwargijiyarka ta zo."

Ya yi dariya, matan gindin katanga ma wasu suka yi. Ni kuwa na share ido da bakin zane. Ya ce, "Bagobira da kuka? Ku da kuke cewa ba ku gudu."

Na ce, "Ba gudu na yi ba, ga ni. Baba, wasa ya ƙare. Telan da aka kawo ran Litinin mijina ne. Ina da abin da zan nuna ma babbanku, in ya gani ya ce ƙarya ne, ku sa ni cikin kamiyon tare da shi. In ka hana ni, ka hana taubashiyarka, kuma a gaban mutane."

Ya daina dariya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce da harshensu, "Kala suuru," wato sai haƙuri. Na ce na ci haƙuri na ƙoshi. Ya shiga ciki ya daɗe. Da ya dawo ya buɗe ƙaramar ƙofa ya ce, "In aka kore ni daga aiki, gidanki zan zo cin tuwo har in mutu."

Babban nasu saurayi ne, ban tsammanin ya girme ni. Riga fara mai gajeren hannu, agogo, Hausarshi ta Adar amma rabinta Faransanci. Tutata na bisa tebur a ninke, ranar a farke kamar an fasa ƙwai, takardar na gefe an danne ta da dutse. Bai ce in zauna ba. Ya fara yi mini karatu. Ya ce ko na san mi na taɓa? Ya ce farin nan tsarki ne, ƙasa sabuwa mai zuciya ɗaya, ranar kuma alama ce ta cewa ɗan ƙasa a shirye yake ya ba da ranshi dominta. Ya ce a cikin wannan wuri aka ɓoye takarda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta ta?"

Ya ce ba irin karatunshi ba ne. Sun kawo malamai biyu, kowane ya duba ya ce idonshi ba ya gani sosai.

Na ce ni na ɗinka. Ya ce da mi zai sani? Na ce ya duba ɗinkin, ni bahaguwa ce, allurata daga hagu take tafiya, kowane tela zai gaya mashi. Ya ce, "To, kin nuna mini ku biyu ne ke nan, ba shi kaɗai ba." Tsohon gardin na tsaye bakin ƙofa yana kallon rufin ɗaki.

Sai na kwance goyo na zaunar da yarinyar bisa teburinshi, kan takardunshi. Na cire layar daga wuyanta. Ta kama igiyar ba ta son saki, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya, ta fasa kuka. Na sa reza. Fatar ta yi tauri da gumi da nono, na yanke yatsana ban ji ba. Gardin ya ce, "Ke, Bagobira, ba a yi." Na ce na sani. Na warware zaren, na shimfiɗa takardar kusa da ɗayar.

Ni lokacin ko alif ban sani ba. Amma ido na ɗinki gare ni, na ga gidaje gidaje ne a zane kamar dara, da rubutu kewaye, kuma duka biyun ɗaya ne. Shi ma ya gani. Ya ɗauki alƙalaminshi yana bin gida gida, ya taɓa na nan ya taɓa na can, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya daɗe yana yi. Yarinya na ta ihu.

Na ce, "In saƙo ne zuwa ga mutanen ƙetare, to ga shugabarsu nan bisa teburinka, watanta biyar, ka kama ta. In kuma sammu ne, ni na yi ma ɗiyata. Abin da na rataya ma wadda na haifa shi na sa ma tutarku, don na ga an fito da ita tsirara. Kai ma uwarka ba ta sake ka zuwa Yamai haka nan ba."

Ban yi niyyar faɗin na ƙarshen ba, fitowa ya yi. Gardin ya kama tari. Babban kuwa hannunshi ya tafi wajen ƙugu, inda ake ɗaura laya, ƙarƙashin farar rigar, ya yi maza ya mayar da shi bisa tebur. Bai dube ni ba. Ya haɗa takardun biyu ya sa cikin aljihun tebur ya rufe.

Na ce, "Ta yarinyar fa?"

Ya ce, "Fita."

"Mijina fa?"

Ya ce, "Na ce ki fita."

Haka na fito, babu laya, babu amsa. Igiyar kawai a hannuna da guntun jar fata. A ƙofa na tambayi tsohon mi ya gani. Ya ce, "Ni ƙofa nake tsaro, ba cikin mutum ba."

Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba muna bakin titi, mu matan katanga duka. Aka buɗe babbar ƙofa, kamiyon ya juyo da baya. Ana fito da su bibbiyu, an aske masu kai, duk sun zama kama ɗaya. Ba a bari a matsa. Ni ƙafa nake dubawa, don na san takalmi ɗaya gare shi. Duk wanda ya fito sai zuciyata ta ce shi ne. Matar da ta shayar mini da ɗiya na kusa da ni, na ji ta saki ƙwaryarta ta faɗi, na gane nata ya fito. Ban ko juya na kama ta ba, ina ƙirga ƙafafu. Aka ɗaga marfin baya aka sa ƙarfe. Kamiyon ya wuce ƙarƙashin tuta ya miƙe.

Ban gan shi ba. Amma ban yarda da idona ba, don akwai waɗanda aka tura can ciki ban ga fuskarsu ba. Mata suka watse, ni na zauna. Matar nan ma ta tafi, ban yi mata ko sannu ba, abin na damuna har gobe.

Bayan la'asar ƙaramar ƙofa ta buɗe. Tsohon gardin ya leƙo ya ce, "Baiwata, zo ki kwashe kayanki, sun cika mamu gida." Maigida na bayanshi, ba takalmi, hannunshi na dama a naɗe da tsumma. Yatsu biyu sun karye, ba su sake lanƙwasuwa ba har ya koma ga Allah. Sai da muka kusa gida ya dubi wuyan yarinyar, ya dube ni, ya ce, "Ina take?" Na gaya mashi. Ya ce, "Da kin tambaye ni." Ban san wacce yake nufi ba, ta tutar ko ta yarinyar, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Babu malamin da ya yarda ya yi mini rubutu a unguwar nan har damina ta faɗi. Duk zafin shekarar hannuna na bisa ƙirjin yarinyar, ko atishawa ta yi sai in tashi in duba ta. Ƙyanda ta shigo ta ɗauki yara a layinmu, ita ma ta kama ta, ta tashi. A gidanta nake zaune yanzu a unguwar Bobiel, wurin da lokacin daji ne. Ita ma ta yi furfura.

Aikin tuta bai sake zuwa rumfarmu ba, mu ma ba mu nema ba. Riguna muka koma, shi ya taka keke, ni in yi mashi duk abin da ke son yatsu.

Na haura shekara sittin kafin in shiga kurdadil, makarantar manya. A littafin da aka ba mu akwai tuta a shafin farko. Malamin da ke koya mamu, mushe muke ce mashi, yaro ne sa'an jikana, ya tambaya wa ya san abin da zagayen tsakiya ke nufi. Tsofaffi suka ce rana. Ya dube ni ya ce, "Inna, ke fa?" Na ce mashi guda biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma keke ba ya iya ɗinka su.